Ashirin da Tara

Tun jiya labarina ya riga ni isa Kakuri,
ƙafar magana ta fi tayar babur sauri.
Na tarar an share harabar ofis,
an shafa farar ƙasa a gindin darbejiya,
har randar bakin ƙofa
ta samu sabon murfi.

Suka jeru su goma sha ɗaya
a kan ƙasar da ruwan dare bai gama tsanewa ba.
Kowane takalmi baƙi wuluk,
ina ganin fuskata a ciki.
Na ce da Kofur Yashim, ɗaga ƙafarka.
Ya ɗaga.
Ƙasan takalmin ya wage baki kamar tarwaɗa,
an toshe shi da kwalin sabulu.
Bai ce uffan ba, ni ma haka,
alƙalami ne ya yi magana.

Motar sintiri na tsaye da ƙafa huɗu,
amma ta baya ta hagu baƙuwa ce,
da sauran alli a jikinta,
sunan Mamuda mai faci.
Zanen aro ba ya rufe katara.
Da azahar za a mayar masa da abarsa,
motar ta koma kan dutse ta kwanta.

Na danna oba-oba na kira Barnawa,
sai tari take, kamar tsoho da asuba.
Ankwa shida, biyu sun ci tsatsa,
ɗaya kuma makullinta
ya bi wani saje Kafanchan tun bara.

Sai ɗakin makamai.
Saje Tanimu ya buɗe kwaɗo uku,
warin mai da ƙarfe ya tarye mu.
Littafi ya ce harsashi talatin.
Na zube su a tebur, na bi su da yatsa:
ashirin da tara.
Na sake bi, kamar mai carbin da ya ɓata lissafi.
Ashirin da tara.

Fanka ta ci gaba da juyawa.
Can waje injin markaɗe na kuka.
Wani ya ce ko ya faɗa bayan akwati.
Wani ya ce, ranki ya daɗe, ɗaya ne fa.

Ɗaya ne fa.
Ɗaya ne ke sa a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida,
a zauna kwana uku ana karɓar gaisuwa.

Daga ƙarshen layi wani kurtu ya matso,
Nuhu Bawa, gemunsa bai gama fitowa ba.
Ya ce, daren Laraba ne, a bakin gada,
ciyawa ta motsa, na harba sama.
Ashe akuya ce.
Tsoron tuhuma ya hana ni rubutawa.
Ya zaro kwanson daga aljihun riga
ya ajiye a tebur.
Shi ne na talatin, fanko.

Na dubi hannunsa, rawa yake.
Na dubi idonsa, ja kamar gauta.
Yaushe rabonka da barci?
Ya ƙirga a yatsu ya tsaya a huɗu.

Takardata na da gurbin maɓalli,
gurbin bel, gurbin aski, gurbin bakin bindiga.
Na juya ta gaba da baya,
babu gurbin barci.

Na rubuta laifinsa, don laifi ne.
Sannan a gefe, inda ba a ja layi ba,
na ƙara da ƙananan baƙaƙe:
wannan yatsa na kan kunama
kwana huɗu ba a karɓe shi ba.

Ban san wa zai karanta a hedikwata ba,
ko mutum, ko gara.
Na sa hannu, na rufe fayil.

Da na fito, hadari ya sake haɗowa ta gabas.
A bakin ƙofa ga Mamuda mai faci,
jak a hannu, ya gaishe ni da ladabi,
yana jiran in wuce.