Ɗan Aiken Kitse

Ranar Talata a Barau Dikko
aka huda min yatsa tun ban karya ba.
Na'ura ta ce ɗari biyu da arba'in.
Na ce, Dakta Zuwaira,
ni da ko a shayi na daina zuba sukari?

Ta juya bayan katina, ta zana tumbi.
Malam Sallau, kitsen nan yana da baki.
Yakan aiki yaro, leftin sunansa,
ya ce wa ƙwaƙwalwa an ƙoshi, a rufe tukunya.
To kitse ya yi yawa, 'yan aike sun yi yawa,
kamar 'yan kamasho a tashar Kawo,
kowa Zariya! Zariya!
har kunne ya daina ji.

Shi kuwa insulin ɗan dako ne,
buhun sukari a ka, yana bin ƙofofin tsoka.
Da can leftin kan taya shi sallama,
kan ce masa ya isa haka.
Yanzu yana ƙwanƙwasawa, shiru.
A ƙaro 'yan dako,
su sa kitse ya ƙaro 'yan aike,
kaya na zube a titi,
titin kuwa jinina ne.

Na karɓi magani. Ban hau keke ba,
na taka da ƙafa har Tudun Wada.

Da dare Uwani ta kawo tuwo, malmala uku.
Na ci ɗaya, na tsame hannu,
na kasa kunne
ko zan ji muryar yaron nan.
Ban ji ba tukuna.
Na dai wanke hannu.