Inda Gudu Ke Zuwa

Sada ya murza katantanwa a simintin gareji.
Ta yi ta juyi, tana kuka siriri kamar sauro,
sannan ta fara layi
irin na mai gyangyaɗi a tsaye,
ta kwanta.
Ya ɗago kai: "Kaka, wa ya tsai da ita?
Ni dai ban taɓa ta ba."

Shekara arba'in da ɗaya ina ɗaurin birki a Ƙofar Ƙaura,
ba wanda ya taɓa yi mini wannan tambaya.
Direba dai ya ce, "Mati, ya kama?"
in ce ya kama,
ya miƙo kuɗi, ya ba ta wuta.

Na ce taso.
Ga tirelar Ɗan'asabe, shigowarta ke nan daga Jibiya,
buhu ɗari shida a gadon bayanta.
Kai hannunka kusa da wili, kada ka taɓa.
Ya janye da sauri: "Wuta!"
Na ce ba wuta ba ce, gudu ne ya sake riga.
Abu ya gogi ƙarfe, gudu ya koma zafi,
zafin kuma iska za ta shanye shi kafin la'asar,
ba ta ko gode ba.

Katantanwarka ma haka.
Siminti ya gatsi tsininta,
iska ta yaguci nata,
kukan nan da ka ji, daga jikin juyin aka yanko shi.
Kowa ya ɗebi lomarsa
har akushi ya koma fayau.

Yaro bai yarda ba.
Ya saki ƙwallonsa daga saitin goshi,
ta dawo masa ƙirji,
ta dawo gwiwa,
idon sawu,
sai 'yar rawar sanyi a ƙasa, shi ke nan.
Ya kai ta tulin yashin maƙwabta, ya sake ta.
Dif.
Na ce ka gani? Yashi ba ya biyan bashi.

Maigidana Ilu, Allah Ya jiƙansa,
yakan buga sifirin da sifana ya ce mini:
"Wannan ɗan ramuwa ne,
abin da rami ya ba shi, shi zai maido maka.
Bar mota da shi kaɗai,
ta yi ta rawa daga nan har Dutsin-ma.
Mai aikin yana cikin shokozoba:
mai ne, ana matsa shi ta ƙaramar kafa,
ya haɗiye duka, ya yi shiru."

Ban gaya wa Sada sauran ba.

Da can nakan koma gida da fushin gareji a ƙirji,
na wanda ya gudu da kuɗina,
na kusar da ta ƙi kwancewa tun hantsi.
In banko ƙofa, in saki magana.
Indo ta ajiye mini ruwa.
Maganar ba ta dawo ƙirji ba,
ba ta dawo ko idon sawu ba,
ni kuwa na ɗauka ɓacewa take yi.
Ni da na san halin wili,
ban taɓa kai hannu kusa ba
in ji irin zafin da take ɗauke da shi.

Damina uku ke nan.
Yanzu in na banko ƙofar
ƙarar sai ta zaga ɗakin, ta zaga,
ta rasa mai karɓa,
ta dawo mini.

Sada ya sake murzawa.
Da ta kwanta ya ɗauke ta maza,
ya kanga tsinin a leɓensa.
"Kaka, ban ji ɗumi ba."
Na ce kaɗan ne, leɓe ba ya kama shi.
Amma yana nan.
Miƙo mini sifana mai lamba sha huɗu.