Gardamar Ayarin Wata Bakwai

Kuran ya ɗauke a tsakiyar kashi na goma sha ɗaya,
daidai inda jirgin ke shirin faɗawa baƙin rami.
Mutari ya ja tsaki, ya kife salula kan tabarma.
Sai mu, sai garwashi, sai butar shayi,
sai daren Garin Malam da zafinsa marar kunya.

Kyari ne ya fara, kamar kullum:
"Ran da madugu mai ido ɗaya ya mutu, labarin ya mutu.
Saura duk zaman makoki ne ake sayar mana.
A kashi na farko kana hango zaren da ya riƙe jirgin,
dodon kuma mutum ne cikin buhu,
amma wallahi na kwana uku ban fita fitsari ni kaɗai ba."

Tanimun ya ce, "Tsufa ke damunka.
Ba fim kake so ba, ƙuruciyarka kake nema,
ita kuwa ba a yi mata kashi na biyu.
Ka dubi sabuwar madugar!
Ta tsaya gaban rundunar ƙarfe, ba ko sanda,
da baki kawai ta mayar da su gida."

"Da baki fa! Minti arba'in tana surutu,
har shayin farko ya huce."

Falmata, da ta zo karɓar cajar wanta ta zauna,
ta ce, "Ni abin da ke ba ni haushi daban.
Sama babu iska, mushenmu ya faɗa,
to ƙarar fashewar nan ta ina take biyowa?
Na yafe wannan.
Amma duniya dubu suka ratsa, duniya dubu,
ban ga inda aka jera bidon a bakin pampo ba.
Wa ke ɗebo musu ruwa?
Wanda ya rubuta bai taɓa jiran ɗan garuwa
a watan bazara a Damagaram ba."

Dariya ta kwashe mu har mai gadin butik ya leƙo.

Aka koma kan mutumin ƙarfe
da ya mutu sau uku, sau uku ana tashinsa.
Mutari, da yake gyaran waya ne abincinsa, ya rantse
in dai ana samun kayan gyara haka
da tuni ya bar rumfarsa ta Kasuwar Dole.
Kyari ya ce mutuwar da ake warwarewa
ba ta cancanci hawayen kowa ba.
Tanimun ya ce, "Amma ka yi kukan. Ina kusa da kai."
"Hayaƙin gawayi ne."

Ni ban ce komi ba.
Ina tuna wani zaure a Zango, dala biyar kuɗin shiga,
ina bisa cinyar babana, yana warin fatar da yake jima,
ba ya jin yaren, amma yana fassara mini
labarin da ya ga dama,
wanda ya fi nasu daɗi.
Bai ga kashi na biyar ba.
Shi ba a dawo da shi a na shida ba.

Shayi na uku ya zagayo, zaƙi zalla.
Na ɗaga kai: can bisa duwatsun Birni
taurarin gaske sun fito tululu,
ba zare, ba ƙara,
Falmata ta yi gaskiya.

Kyari na cikin rantsuwa ya daina kallo har abada
sai unguwa ta ɗauki ihun yara: an kawo!
Allon ya yi fari.

Shi ya fara jan kujera gaba.
"Ku yi shiru mana," in ji shi,
"mu ga yadda za su ɓata shi."