Awon Zuciya a Aboabo

Ranar Talata suka zo daga jami'a,
mace ɗaya, maza biyu, da akwati mai taya.
Suka ɗaura wa kowane yaro baƙin warwaro a hannu,
ni ma suka ɗaura mini,
suka kafa idon gilashi a saman allo,
ido ɗaya, ba ya ƙiftawa.

Shugabarsu, Adwoa Pokuaa, ta ce:
"Malama, zufa ba ta ƙarya.
Za mu auna gundura, mu auna tsoro,
mu kama daidai lokacin da lissafi ke shiga kai."
Na ce to.
A kasuwar Asawase da olonka ake auna wake,
atamfa da yadi.
Ban tambaya ba ko nawa ne mudun fargaba.

Kwana biyu yara na zama kamar masu jiran hoto.
A na uku suka manta,
suka koma mintsini da satar alli.

Ƙaraminsu Kwadwo ya raɗa mini a baranda
cewa kamfanin da ya biya kuɗin
yana so ya cusa abin a cikin waya,
in hamma ta taso, wasa ya canza,
in rai ya ɓaci, a nuno takalmi mai rangwame.
Ya faɗa yana dariya, yana sosa ƙeya.

Bayan mako uku takardu suka dawo,
duwatsu ja, kwaruruka shuɗi.
Adwoa ta ɗora yatsa a kan wani tsauni:
"Wannan Issaka ne.
Kullum sha ɗaya da rabi zuciyarsa na tashi.
Yaron nan yana son rabawa."
Na kai mayafi baki.
Sha ɗaya da rabi Hajiya Azara ke buɗe tukunyar wake da shinkafa
a bayan katanga,
iska kuma ta tagarmu take shigowa.
Issaka tun kokon asuba, in ya samu.

"Wannan Sadatu. Layinta a shimfiɗe kamar tabarma,
ba abin da ke motsa ta."
Sadatu da ke kai ƙarfe goman dare a Kejetia
da ruwan leda a ka.
Ta koyi barci ido buɗe,
kuma ta fi kowa maki.

Na gyara zama, na ji daɗin kaina.
Labarin zuciya a tambayi fuska, in ji mutanenmu.
Sun tambayi fuska, sun tambayi tsintsiyar hannu,
ba su tambayi katanga ba.

"Saura ɗaya," in ji Adwoa.
Ta sassauta murya, ta juyo da takardar.
Sunana.

Fili ne fetal daga safe zuwa tashi,
sai ƙaya guda, siririya, doguwa,
takwas saura minti goma,
Litinin, Talata, har Juma'a,
ba fashi.
"Me kike yi a lokacin?"

Kiran suna.
Sha biyar, na'am. Sha shida, na'am.
Sha takwas.

Tsakaninsu akwai layin da na ja da jan biro
a daminar bara,
ranar da rafin Aboabo ya cika ya haura gada,
aka tsinci jakarsa a Anloga, littafin lissafi a jiƙe,
aikin gida ya yi rabi.
Muryata ba ta rawa a wurin, na horar da ita.
Mijina bai sani ba.
Ni kaina na ɗauka na wuce.

Na ce, "Biro ne ke ƙin rubutu da safe."
Ta dube ni, ta dubi ƙayar,
ta rubuta a gefe da fensir: ba a san dalili ba.
Sai ta rufe takardar, ta bar hannunta a kan nawa
ɗan lokacin da ba wanda ya auna.

Sun kwashe kayansu ranar Alhamis.
Saura ramin ƙusa a saman allo,
da ɗan shati a hannuna.
Gobe takwas saura minti goma
zan buɗe rajista.
Mubariku sunansa.