Ja Ce

Kwana tara bayan sadakar arba'in
ɗan aike ya yi sallama a ƙofarmu, a Herwagana.
Ya ce, "Malam Gidado Hammari yana ciki?"
Na ce ya yi tafiya.
Bai tambayi wace iri ba. Ya miƙo ambulan.

Takardar ta ce mai mota mai lamba kaza
ya ƙetare danja tana ja
a mahaɗar da ke kaiwa asibiti,
ƙarfe biyu da minti goma sha bakwai na dare.
Ya biya tara cikin mako biyu,
ko ya bayyana.

Ya bayyana.
Inna tana takaba, ta ce in sake karanta wajen,
na sake,
ta ja mayafi ta rufe baki.

Ba kuɗin ba ne.
Shekara talatin da ɗaya yana tuƙa motar ma'aikatar gona
daga Gombe zuwa Dadin Kowa, zuwa Bajoga, zuwa inda kwalta ta ƙare,
ko kaza bai taɓa takewa ba.
Sai da ya kwanta dama
aka samo masa laifi.

Barista Rifkatu, 'yar Kaltungo, ta ce kada in biya ko kwabo.
A kotu ta miƙe, rigarta ta fi ta girma,
ta ce, "Ya mai shari'a, ina mai shaida?
A kira shi ya rantse, ina da tambaya."
Aka ce yana kan falwaya, ba ya saukowa.
Ta ce, "Shaidan da ya ga lamba bai ga fuska ba,
da wane baki zai ce wane ne?"

Lauyan hukuma ya gyara tabarau.
Ya ce, "Akuya in ta yi ɓarna a gona
mai ita ake nema, ba a tambayar wa ya kwance igiya."
Ta ce, "Akuya ba ta da sitiyari."
Wani a baya ya yi dariya, ɗan sanda ya harare shi.

Sai aka zagayo da hoton.

Tsohuwar Fijo ce, daga baya,
fitilar hagu a mace kamar kullum.
A gilashin baya, duhu-duhu,
ga wani abu fari ya jingina gefe guda.
Su duk sun ɗauka hasken fitila ne.
Ni na san hular.
Ni na sa masa ita, don ya ce ba zai je gaban likita kai sake ba.

Barista ta dube ni, idonta na cewa yi shiru.
Na ce, "Ni ne."
Fanka ta juya sau uku kafin kowa ya motsa.
Na ce titi fayau yake, ko kare babu,
numfashinsa na fita kamar ana jan guga a busasshiyar rijiya.
Na taka mai.
Abin da ban gaya wa kotu ba,
ban gaya wa Inna ba,
shi ne muryar da ta taso daga kujerar baya,
a hankali, ba faɗa:
"Bappayo, ja ce."
Bai ƙara cewa komai ba, har yau.

Alƙali ya daɗe yana goge tabarau.
Ya ce wanda takarda ta kira ya wuce hurumin sammaci,
wanda ya amsa kuma ba shi aka kira ba.
Ya kori ƙarar.

Na bi magatakarda har ofis,
na ce nawa ne hoton?
Ya ce na fayil ne, ba a sayarwa.

Yanzu in na iso mahaɗar nan da tsakar dare
nakan tsaya tun tana ruwan ɗorawa.
Masu Keke Napep su yi ta hon, su zagaye ni.
Kore ta zo, ta wuce, ja ta dawo.
Ina duban madubi.