Bishiya Mai Saiwa a Sama

Ƙarfe biyun dare a Valparaíso.
Jirage sun yi carko-carko a bakin tasha,
direbobi na danna ham a ƙofa ta uku,
ni kuwa ina hawa na huɗu
da shayin da ya huce
da kwamfutar da ta yi mini gum.

Kwantena ɗaya ake nema. Kifi ne a ciki,
ƙanƙararsa ta fara zufa.
Na buga lamba, manhaja ta tafi dubawa
kamar an aiki hawainiya.

Bishiyarmu saiwarta a sama take,
haka muke zana ta, kar ka tambaye ni dalili.
Duk lambar da ta zo sai ta yi sallama a saiwa.
In na girme ki, bi hagu,
in kin girme ni, bi dama.
Haka za ta yi ta gangarawa, mararraba bayan mararraba,
har ta sami gurbin da ba kowa, ta zauna.

To, ashe kamfanin a jere yake turo kayansa,
dubu da ɗaya, dubu da biyu, dubu da uku,
kowace ta girmi ta gabanta,
kowace ta bi dama,
dama,
dama kuma,
hagu ko toho bai yi ba.
Wata takwas ban leƙa ba.
Abin da nake kira bishiya ya koma igiyar guga,
rijiyar kuma gaba dubu ɗari tara.

Don Evaristo mai gadi ya shigo neman ashana.
Ya ga zanen da na yi a bayan ambulan,
ya karkata kai yadda zanen ya karkata.
Ya ce, Ximena, shekara talatin na yi
ina jan keken da ke hawa dutsen unguwarmu.
Ɗaki biyu ne, igiya ɗaya.
In wannan bai sauko ba, wancan ba ya hawa.
Bai sami ashanar ba, ya fita yana tari.

Na san maganin tun a makaranta, ganda ce ta hana.
Na rubuta doka gajeriya:
duk inda reshe ya ɗara ɗan'uwansa da taki biyu,
a juya.
Ɗa ya hau kujerar uba,
uba ya sauko hagu ba gardama,
jikan da ke tsakiya ya sake hannun da zai riƙe.
Ba wanda ya ɓata, ba wanda ya tsallake layi,
karanto su daga hagu zuwa dama
ka ji jerin nan daram.
Gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba.

Akwai kuɗin shiga, ban ɓoye ba.
Kowace baƙuwa sai an auna tsayin rassa a bayanta,
wani sa'in juyi ɗaya, wani sa'in biyu,
kullum ɗan kaɗan, kamar adashi.

Ƙarfe huɗu da kwata na sake dasa ta.
Igiya ta naɗe, ta yi kafaɗu, ta yi faɗi.
Na buga lambar.
Tambaya ashirin, ko shayi ban kai baki ba:
layi na sha bakwai, ta uku daga ƙasa.
Nibaldo ya ja motarsa, ko godiya babu,
kifin dai ya tafi da sauran sanyinsa.

Da gari ya waye na shiga keken dutse.
Katako na ƙara, igiya na kuka, teku na ja da baya.
A tsakiyar hanya ɗaya ɗakin ya wuce ni,
wata mata ce a ciki da kwandon burodi,
nauyinta ne ke ɗaga ni.
Ban san sunanta ba.
Na lalubo waya a jaka:
kiran mahaifiyata guda biyar, tun ranar Talata.