Waɗanda Ba Su Zo Ba

A Ayakuco, cikin duwatsun Peru,
Nelida ta sauka da takarda ɗari biyu
da biro uku, ɗaya ba ya rubutu.
Ta samu benci a ƙofar asibiti,
duk wanda ya fito, tambaya ɗaya:
"Daga gida zuwa nan, tafiyar nawa ce?"

Mai ciki ta ce minti ashirin.
Tsoho mai tari ya ce rabin awa,
in dai jakin bai tashi da gardama ba.
Mai dankali ta nuna da leɓe:
"Ga rufinmu can, mai jan kwano."

Kafin dutse ya haɗiye rana
ta tara, ta raba, ta ja layi:
minti talatin da huɗu.
Lissafi ya fita tas.
Ta rubuta: asibiti na kusa da jama'a.

Fortunata mai shara ta jingine tsintsiya,
ta ce a karanta mata, idonta ya gaji.
Da ta ji, sai ta gyara hula:
"Ƙanwata Eusebiya na can sama,
inda hanya ke ƙarewa tumaki su wuce.
Kwana da yini ake yi.
Ƙafarta a kumbure tun bara.
Kin tambaye ta?"

"Ai ba ta zo ba."

"To."

Daren nan Nelida ba ta runtsa ba.
Ashe romon sama ta kamfata,
ba ta motsa tukunyar ba.
Wanda nisa ya hana zuwa
shi ke riƙe da labarin nisa,
benci kuwa sai mai ƙafa.
Ko ta ƙara takarda dubu a ƙofar nan,
karkataccen awo za ta yi ta maimaitawa.

Da safe ta karɓo sunayen ƙauyuka,
arba'in da ɗaya, ta yayyaga,
ta zuba a hular Fortunata, aka girgiza.
Ta rufe ido ta zaro takwas.
Na shida ta san shi: can bayan gajimare.
Hannunta ya so ya mayar da shi.
Fortunata ba ta ce komai ba,
kallo kawai.

Direba ya tsaya inda kwalta ta mutu.
Ta ɗaure takalmi, ta hau,
iska ƙanƙara, numfashi rabi-rabi.
A bukkar farko wata mata ta leƙo,
ta ce shekara tara tana nan,
ba wanda ya taɓa hawowa da tambaya.

Nelida ta laluba jaka, ta zaro biro.
Wanda ba ya rubutu ne.
Ta nemi na biyu.